Yadda Ake Daidaita Amfilifaya da Saitin Furosesa da Sifikun Taro Marasa Wutar Kansu

Yawancin kayan sautin da ake haya a Sakkwato domin tafsirin azumi, maulidi, musabaƙa, walima da taron siyasa, sifiku ne waɗanda ba su da amfilifaya a cikinsu, sai an jawo musu ƙarfi daga waje. Irin wannan sifika galibi ba ta da abin da za ta kare kanta da shi, duk abin da aka tura mata za ta karɓa har koyil ɗinta, wato naɗin wayar da ke motsa fuskarta, ya ƙone. Saboda haka kariyarta tana hannun wanda ya zaɓi amfilifaya kuma ya saita furosesa, wato injin da ke tace sauti tsakanin miksa da amfilifaya, kuma wannan aiki ne na lissafi da awo da ake gamawa a shago tun kafin a ɗora kaya a mota.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar maltimita mai auna om da bolt na AC, da kalkuletar waya, da manhajar da ke fitar da sauti mai zango ɗaya wanda za ka iya zaɓar lambarsa, kamar 50 Hz ko 100 Hz, tare da wayar da za ta kai shi cikin miksa. Ka nemi batiri ƙarami mai bolt 1.5 ko 9, da tef na awo, da littafin rubutu, da farin salatif da maka domin yi wa wayoyi alama. Abu mafi muhimmanci shi ne takardar bayanin kowace sifika da kowace amfilifaya. Idan ta ɓace, ka rubuta sunan kamfani da lambar samfurin a intanet ka sauke ta, domin lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali sau da yawa ta talla ce.

Mataki na 1: Ka san ainihin ƙarfin sifikarka

A takardar sifika za ka ga ƙarfi iri uku. Na farko shi ne wanda aka rubuta da RMS ko AES ko Continuous, wato abin da take iya ɗauka na tsawon lokaci ba tare da zafi ya lalata ta ba, kuma a gwajin AES ana barin ta da ƙara na tsawon awa 2. Na biyu, Program, yawanci ninki biyu ne na na farko. Na uku, Peak, ninki huɗu ne. Sifikar da aka ce maka mai wat 2000 ce, idan Peak ake nufi, wat 500 ce kawai a wurin aikinmu, kuma da wannan ƙaramar lamba za ka yi dukkan lissafin da ke tafe. Idan ba a fayyace wace iri ce aka rubuta ba, ka raba lambar gida huɗu, ka fi samun kwanciyar hankali.

Daga nan ka auna om, wato nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya. Ka cire sifikar daga amfilifaya, ka ɗora maltimita a kan bakin wayarta. Sifika mai om 8 za ta nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma za ta nuna kusan 3, kuma hakan daidai ne, ba lalacewa ba ce. Wannan awo yana da amfani ƙwarai a kan kayan da aka saya na hannu ko waɗanda aka taɓa kai wa masu naɗin koyil, domin ana iya mayar da mai om 8 ta koma 4 ba tare da an canza rubutun jikin akwati ba. Sifikar da aka sake wa koyil ko aka canza wa maganaɗisu, ka rage mata ƙarfin da kake zato, kada ka ɗauke ta daidai da sabuwa.

Mataki na 2: Ka ƙidaya nauyin da za ka ɗora wa kowace tasha, wato kowane bakin fitar amfilifaya

Idan ka haɗa sifiku biyu masu om 8 ta hanyar jona ɗaya a bayan ɗaya, kamar yadda kowa yake yi da bakin Speakon na biyu da ke bayan akwatin sifika, nauyinsu ya zama om 4. Guda uku sun zama kusan 2.7, guda huɗu kuma om 2. Ko da an rubuta cewa amfilifaya tana ɗaukar om 2, ni ba na ba da shawarar a yi haka a garinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma amfilifayar da ke aiki a om 2 tana jan wuta da yawa, tana yin zafi da sauri, sai ta kashe kanta ana tsakiyar karatu. Ka tsaya a om 4 ga kowace tasha, idan sifiku sun yi yawa ka ƙaro amfilifaya.

Game da haɗa tashoshi biyu su zama ɗaya, wato inda aka rubuta BRIDGE a bayan inji, ka sani cewa kowace tasha tana ganin rabin nauyin ne. Sab, wato sifikar bes, mai om 4 a wannan haɗi daidai yake da om 2 a kowane ɓangare. Amfilifayar da iyakarta om 4 ce a kowace tasha, om 8 kawai za ta ɗauka idan aka haɗe ta. Bakin da ake jona waya ma yana canzawa, a injuna da yawa 1+ da 2+ ne, amma ka duba zanen da ke bayan naka kafin ka ɗaure.

Mataki na 3: Ka zaɓi amfilifaya

Ƙa'idar da aka saba ita ce amfilifaya ta ba da ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na ƙarfin RMS na sifika, a daidai om ɗin da za ta yi aiki. Sifika mai wat 500 a om 8 tana son tashar da ke ba da wat 750 zuwa 1000 a om 8. Idan biyu za ka ɗora, kana neman wat 1500 zuwa 2000 a om 4. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne karanta lambar om 2 ko ta haɗaɗɗiyar tasha, sannan a jona sifika ɗaya mai om 8, wadda ba za ta samu ko kusa da wannan ƙarfin ba.

Dalilin wannan rarar shi ne magana da kiɗa ba a miƙe suke tafiya ba, akwai ɗagawar murya da bugun ganga da ke wucewa cikin ƙiftawar ido, kuma amfilifaya mai sarari tana fitar da su da tsabta. Ƙaramar amfilifaya kuwa idan aka matsa mata sai jar fitilar CLIP ta kama, sautin ya yanke a sama, matsakaicin ƙarfin da ke shiga koyil ya ƙaru, kuma tuwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririyar murya, ita ce ke fara mutuwa. Amma kada wannan ya sa ka ɗauka babbar amfilifaya aminci ce ita kaɗai. Doki mai ƙarfi sai da linzami, kuma linzamin a nan shi ne limita, mai hana ƙarfi wuce iyaka, wadda za mu zo kanta a mataki na 6.

Kada ka sa rai da yawa a kan ƙarin wat. Ninka ƙarfi sau biyu 3 dB kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, alhali duk lokacin da nisa ya ninka a fili ana asarar 6 dB. Wanda zai yi aiki a wuri mai faɗi kamar dandalin Shehu Kangiwa ko filin wasa na Giginya, ƙarin sifiku da ɗaga su sama da ajiye wasu a tsakiyar jama'a ya fi masa amfani a kan matsa wa guda biyu.

Mataki na 4: Wayoyi da daidaiton fuska

Wayar sifika ta zama tagulla zalla mai kauri 2.5 mm² zuwa sama. Irin wannan waya mai tsawon mita 30, zuwa da dawowa, tana da kusan om 0.4, wanda a kan nauyin om 4 ya kusa kashi ɗaya cikin goma. Idan nisa ya wuce haka ka koma 4 mm², ko ka matsar da amfilifaya kusa da sifiku ka ja doguwar wayar XLR mai kai sauti zuwa amfilifaya, wadda ba ta asara irin wannan.

Kafin ka jona komai, ka taɓa batiri a ƙarshen kowace waya, + a kan 1+, ka sa wani ya kalli fuskar sifikar. Duk su turo waje. Wadda ta shige ciki an juya wayarta, kuma idan aka bar ta haka za ta riƙa cinye bes ɗin 'yar'uwarta, kai kuma ka yi ta ƙara murya kana neman abin da ba zai zo ba. Kada ka yi wannan gwaji kai tsaye a kan tuwita.

Mataki na 5: Ka ɗora saitin furosesa

Idan sifikarka ta kamfani ce kuma ba a taɓa cikinta ba, ka fara da saitin da kamfanin ya fitar mata. Furosesa irin dbx DriveRack PA2 tana da jerin sifiku da amfilifayoyi a cikinta da za ka zaɓa, wasu kuma irin Behringer DCX2496 da hannu ake shigar musu da lambobi. Sharaɗi shi ne sunan samfurin ya zo daidai harafi da harafi. Saitin wata sifika mai inci 15 ba zai yi wa taka ba don kawai girmansu ɗaya. Ka duba kuma ko saitin na akwatin da ke amfani da kurosobar cikinsa ne, wato abin da ke raba bes da siririyar murya, ko na wanda ake ba wufa, babbar sifikar akwatin, da tuwita amfilifaya daban-daban, sannan makunnin bayan akwatin ya dace da abin da ka zaɓa. Idan aka yi kuskure a nan, bes na iya shiga tuwita kai tsaye, kuma ba ta jure wannan ko na ɗan lokaci. Haka nan idan ka kwafi lambobin EQ, wato na ƙara ko rage wani zangon sauti, daga furosesar wani kamfani zuwa ta wani, sautin na iya bambanta, domin ba duka suke lissafa faɗin tacewa iri ɗaya ba.

Idan babu saitin kamfani, kamar yadda yake ga akwatunan da kafintocinmu ke haɗawa, ka fara da furosesa fara wadda aka share komai, ka gina da kanka. Ka raba sab da sifikar sama, wato mai fitar da sauran murya, a 100 Hz da nau'in tacewar da furosesa ke rubutawa LR24 a ɓangarorin biyu. Idan ta sama mai inci 12 ce kana iya hawa zuwa 120 Hz, idan mai inci 15 guda biyu ce kana iya sauka zuwa 80 ko 90. Sannan ka yanke ƙasan sab da tacewar BW24 a wajen 35 zuwa 45 Hz. Wannan yanka shi ne abin da masu farawa suka fi mantawa, alhali akwati mai ramin iska ba ya riƙe fuskar sifika a ƙasa da zangon da aka gina shi a kai, sai ta yi ta lilo da ƙarfi ba tare da sauti ba har ta yage ko koyil ya bugi ƙasa.

Akwai hanyar gano wannan zango ko da ba ka san wanda ya haɗa akwatin ba. Ka kashe yankan ƙasa na ɗan lokaci, ka sa murya ƙasa ƙasa, ka fara da 70 Hz kana saukowa a hankali, hannunka kusa da ramin iska, idonka a kan fuskar sifika. Za ka kai wani wuri inda fuskar ta kusa tsayawa cak alhali iska tana fita da ƙarfi daga ramin. Wannan shi ne zangon akwatin, kuma a nan ko ɗan ƙasa kaɗan za ka sa yankanka. Idan babu sab a aikin, ka yanke sifikar sama a 55 ko 60 Hz, idan kuma wa'azi ne ko karatu zalla, 80 zuwa 100 Hz ya fi fitar da harafi.

Lasifikar ƙaho da ake ɗaurawa a kan hasumiya ko sanda hukuncinta daban ne. Ba ta ɗaukar bes ko kaɗan, don haka a yanke mata duk abin da ke ƙasa da 300 Hz. Idan amfilifayar masallaci ce irin ta Ahuja mai bakin 70V da 100V, waɗannan bakunan na ƙaho mai taransifoma ne, kada a jona musu akwati mai om 8.

Mataki na 6: Limita

A nan ne aikin yake, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi don ganin lissafi. Limita ba ta san wat ba, bolt take gani, saboda haka sai ka mayar da ƙarfin sifika zuwa bolt. Ka ninka wat da om, ka ɗauki tushen lambar da alamar √ a kalkuleta. Wat 500 sau om 8 ya ba da 4000, tushensa bolt 63. Wat 300 a om 8 bolt 49 ne, wat 800 kuma bolt 80. Idan ka jera sifiku iri ɗaya guda biyu a tasha ɗaya, lambar ba ta canzawa, domin kowace tana ganin bolt ɗin nan ne. Idan ba iri ɗaya ba ne, ta mai rauni za ka bi, kodayake gara ka raba su.

Ka yi wa amfilifaya irin wannan lissafi. Idan ita ce ƙarama, misali tana ba da wat 300 a om 8 ga sifika mai 500, to iyakarka tata ce, ka tsaya a wajen bolt 44, ɗan ƙasa da inda jar fitila ke kamawa. Wannan ita ce mafita ga wanda bai da kuɗin babbar amfilifaya: zai rasa ɗan ƙarfi, amma kayansa za su zauna lafiya.

Lambar 63 ta ɗakin gwaji ce. Tafsirin da zai ɗauki awanni, ko taron da rana ke dukan baƙin akwati tun hantsi, yana tara zafi a koyil fiye da yadda gwaji ya nuna. Ni ina rage 2 zuwa 3 dB, wato daga bolt 63 in sauko tsakanin 45 da 50. Kunne da ƙyar yake jin bambancin, koyil kuwa a 45 rabin zafin kawai yake ɗauka.

Yanzu sai a mayar da wannan lamba zuwa abin da furosesa ke nunawa. Ka nemo ninkin amfilifaya, wanda takarda ke rubutawa da GAIN. 26 dB ninki 20 ne, 32 dB ninki 40, 38 dB ninki 80. Ka raba bolt ɗinka da ninkin. Bolt 50 a raba da 40 ya ba da 1.25. A ma'aunin dBu, bolt 0.775 shi ne 0, bolt 1.23 shi ne +4, 1.55 shi ne +6, 1.95 shi ne +8, 2.45 kuma +10. Ke nan za ka sa limita a +4 dBu. Wasu furosesoshi suna ƙidaya daga ƙololuwarsu ne zuwa ƙasa, don haka idan ƙololuwar +22 dBu ce, za ka rubuta −18. Ka lura cewa da amfilifaya mai ninki 80 aka sauya, wannan saitin zai bar bolt 100 ya wuce, shi ya sa aron amfilifaya ranar taro ba tare da sake lissafi ba yake ƙona sifiku.

Hanyar da na fi amincewa da ita, musamman da yake kasuwa cike take da injunan kwaikwayo waɗanda takardarsu ba abin dogaro ba ce, ita ce awo kai tsaye. Ka cire dukkan sifiku. Ka buɗe maɓallin muryar amfilifaya har ƙarshe. Ka ɗora maltimita a kan bakin fitarta a ma'aunin AC, ka tura sautin da ke cikin zangon tashar, 60 Hz ga sab, 200 ko 300 Hz ga ta sama, domin ƙananan maltimita ba su da gaskiya a zango mai tsayi. Ka ɗaga miksa har awo ya wuce lambar da kake so, sannan ka yi ta sauke limita har ya dawo kanta. Ka ƙara ɗaga miksa, idan lambar ta tsaya ba ta hau ba, aiki ya yi. Kada ka taɓa ƙarfen bakin da hannu, wannan wuta tana jan mutum. Amfanin yin awo da maɓalli a ƙarshe shi ne babu wanda zai zo bayanka ya murɗa ya wuce iyakar da ka sa.

Game da saurin kamawa da sakin limita, idan akwai AUTO ka bar shi a kai. Idan babu, ka ba sab milisakan 16, sifikar sama 8, tuwita mai amfilifayarta rabin milisakan zuwa 1, sakin kuma ya zama ninki 16 na kamawar.

Mataki na 7: Ka haɗa lokacin sab da na sifikar sama

Ka jera su yadda za su tsaya a wurin taro, ka kunna ɓangare ɗaya, na dama ko na hagu, ka tsaya a gabansu da nisan mita 8 zuwa 10. Ka tura sauti a daidai inda ka raba su, wato 100 Hz, ka daidaita ƙarfinsu ya zo kusa da juna. Ka juya fuskar sab a cikin furosesa, wato ka musanya masa + da −, sannan ka riƙa ƙara jinkiri kaɗan kaɗan a kan wanda ya fi kusa da kai, galibi sifikar sama, har sautin ya yi rauni iyakar rauninsa. Daga nan ka mayar da fuskar sab yadda take, za ka ji bes ya cika. Sauti yana cin mita ɗaya a kusan milisakan 2.9, don haka ka gwada abin da ka samu da tef. Idan tazarar rabin mita ce amma ka sami kanka a milisakan 11, ka zarce da zagaye guda, domin a 100 Hz zagaye ɗaya milisakan 10 ne. Wannan lissafi na 2.9 shi za ka yi wa sifikun tsakiyar fili: mita 30 daga dandamali kusan milisakan 87 ne.

Sai bayan wannan za ka taɓa EQ, kuma ragewa ta fi ƙarawa. Duk 3 dB da ka ƙara a wani zango, ninka ƙarfin da ke shiga sifika ka yi a wurin.

Mataki na 8: Idan babu furosesa

Ka yi amfani da kurosoba ta hannu, ka rufe maɓallanta da salatif bayan ka saita. Ka duba bayan amfilifaya, domin wasu, irin QSC RMX, suna da ƙananan makunnai na yanke ƙasa a 30 ko 50 Hz da na hana jar fitila, ka kunna su. A wannan hali kada ka ɗauki amfilifaya mai ninki biyu, ka zaɓi wadda ƙarfinta ya yi daidai da RMS na sifika, kuma mutum ɗaya ya zauna yana kallon fitilu har a tashi.

Mataki na 9: Wuta, gwaji da kullewa

Kayanmu na bolt 230 ne, kuma idan janareta ya gaza, wuta ta sauka, amfilifaya mai taransifoma takan fara nuna jar fitila tun kafin ta kai inda ka auna. Ka tara abin da aka rubuta na cin wuta a bayan kowane inji, ka nemi janaretan da ya fi jimlar da rara mai yawa, kuma kada a haɗa layin sauti da na firiji ko injin sanyaya ɗaki. Wurin kunnawa a fara da miksa, sai furosesa, amfilifaya a ƙarshe. Wurin kashewa amfilifaya ce farko, haka ma duk lokacin da za a sauya daga wutar gari zuwa janareta. A lokacin hunturu ka riƙa cire soson gaban amfilifaya kana kakkaɓewa bayan kowane aiki, domin ƙura tana toshe iska, kuma ka bar sarari a bayan akwatin injuna, a inuwa.

Ka mayar da sifiku, ka fara da murya ƙasa, ka saurari kowace tasha ita kaɗai don ka tabbatar sab yana kan wayar sab. Sannan ka ɗaga har fitilar limita ta fara ƙyaftawa jefi jefi, ka duba inda fitilun miksa suka tsaya, ka manna salatif a wurin, ka nuna wa yaron da zai zauna a kan miksa cewa nan ce iyaka. Idan limita ta kama ta zauna, kayan sun yi wa filin kaɗan ne, sai a ƙaro sifiku. Ka adana saitin da sunan sifika da na amfilifaya, ka kulle furosesa da lambar sirri, ka rubuta om, bolt, ninki, wurin rabawa da jinkiri a littafinka, sannan ka manna kwafi a cikin murfin akwatin injuna domin duk wanda zai fita da kayan ya san wace amfilifaya ce ta wace sifika.